Zaɓen Ƙaramin Akwatin Kwamfuta: Lissafin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Yi Kafin Ya Biya

JOS — A unguwar Rayfield da ke kudancin birnin Jos, inda Gidan Gwamnatin Jihar Filato yake, akwai ofisoshi da makarantu masu zaman kansu da otal-otal da ƙananan asibitoci waɗanda harkokinsu na yau da kullum suka dogara ga kwamfuta. Da yawa daga cikin waɗannan wurare gidajen zama ne da aka mayar wurin aiki, saboda haka ɗakunansu ƙanana ne, kuma kowane taku na fili yana da kuɗinsa a cikin hayar shekara. Wannan ne ya sa mai ofis da ya ƙuduri aniyar a harhaɗa masa kwamfutar tebur yakan nemi a sa masa ita a cikin ƙaramin akwati, watau abin da 'yan kasuwa ke kira kesin, wanda zai zauna a gefen tebur ba tare da ya cinye wuri ba.

Akasarin masu saye sukan ɗauki akwatin a matsayin abu na ƙarshe a cikin jerin sayayya, wanda za a ɗauka da 'yan canjin da suka rage. Amma a haƙiƙanin gaskiya akwatin ne ke yanke hukunci a kan irin allon da za a saya, da irin na'urar rarraba wuta, da yawan iskar da za ta ratsa cikin kwamfutar, da kuma ko za a sami kayan gyaranta a Jos ranar da ta tsaya. Wanda ya duba farashin akwatin shi kaɗai yana iya rage 'yan dubbai a ranar ciniki, sa'an nan ya biya ninkinsu a sauran kayan.

Dalilin da ya sa batun ya taso

Kusan duk wani ɓangare na kwamfuta daga waje ake shigo da shi, galibi daga ƙasar Sin da Taiwan, kuma da dalar Amurka ake biya. Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ragamar tsayar da darajar naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da naira 1,500 a cikin 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta ba da hauhawar farashin kayayyaki na watan Disamba 2024 a kan kashi 34.8 cikin ɗari. A bisa wannan akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ya soma aiki a watan Fabrairu 2020, da kuɗin fito, da kuɗin motar da za ta ɗauko kaya daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, ko daga Kano da Abuja, zuwa shagunan da ke kan titin Ahmadu Bello da kewayen Taminus. Kwamfutar da a da ake sauyawa bayan shekara uku, yanzu jari ce da ake so ta kai shekara shida ko bakwai.

Bugu da ƙari, a ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa manhajar Windows 10 na bai ɗaya. Magajiyarta, Windows 11, tana bukatar firosesa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000, tare da guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ɗimbin tsofaffin kwamfutocin ofis ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, abin da ya tilasta wa masu su tunanin sabon saye a daidai lokacin da kuɗi ya yi wuya.

A yi awo kafin a yi ciniki

Girman akwati yana bin girman babban allon kwamfuta ne, wanda masu gyara ke kira madabod, domin a kansa ake dasa firosesa da RAM da sauran kaya. Iri uku ne suka mamaye kasuwa. Na farko shi ne ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, mai tsawon milimita 305 da faɗin 244. Na biyu microATX, na shekarar 1997, mai milimita 244 a kowane gefe. Na uku Mini-ITX, wanda kamfanin VIA na Taiwan ya ƙirƙiro a 2001, mai milimita 170 a kowane gefe, watau bai kai rabin filin microATX ba.

An tsara ramukan noti na waɗannan alluna ta yadda ƙarami zai zauna a akwatin babba, amma babba ba zai shiga akwatin ƙarami ba. Ma'ana, wanda ya sayi akwatin microATX yana da zaɓi biyu na allo, wanda kuwa ya sayi na Mini-ITX ya ɗaure kansa ga iri ɗaya tak. Allon Mini-ITX yana da gurbin kati guda ɗaya, kuma galibi gurbin RAM biyu. Na microATX yana iya ɗaukar kati har huɗu, kuma da yawansu suna da gurbin RAM huɗu.

Masana'antun sukan auna girman akwati da lita, kamar yadda ake auna jarka. Doguwar hasumiyar da aka saba gani a ƙarƙashin teburin ofis takan kai lita 40 ko fiye. Matsakaicin akwatin microATX yakan faɗa tsakanin lita 20 zuwa 35. Abin da ya gaza lita 20 shi ne masu sana'ar ke ɗauka ƙarami na sosai. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 ta isa mai karatu ya kwatanta a ransa.

Bayan girman allo, akwai awo uku da tilas a nema a jikin kwali ko a auna da tef a cikin shago. Na ɗaya, tsayin na'urar sanyaya firosesa. Wadda ke zuwa a cikin kwalin firosesa gajera ce, ba ta cika wuce milimita 50 zuwa 70 ba, amma doguwa mai siffar hasumiya tana neman milimita 150 zuwa 160. Na biyu, tsawon katin hoto, ga mai aikin zanen gini ko tace bidiyo. Siraran akwatuna ba sa karɓar cikakken kati, sai mai rabin tsayi, wanda ba kullum ake samunsa a kasuwa ba. Na uku, kuma mafi muhimmanci ga aljihu, shi ne irin na'urar rarraba wuta da akwatin ke karɓa, wadda aka fi sani da fawa-fak.

Inda ƙanƙanta ke cin kuɗi

Fawa-fak na yau da kullum, irin na ATX, yana da faɗin milimita 150 da tsayin 86 da zurfin 140. Shi ne ake samu a kusan kowane shagon kayan kwamfuta, sabo ko na hannu. Ƙananan akwatuna da yawa ba sa ɗaukarsa. Wasu suna neman SFX, mai milimita 125 da 63.5 da 100, wasu TFX, wasu kuma Flex ATX, siriri mai ƙaramar fanka da ke yawan ƙara.

A nan dokar kasuwa ke aiki. Kayan da ake ƙerawa da yawa kuma kamfanoni da yawa ke takara a kansa, farashinsa yakan sauka. Allon microATX da fawa-fak na ATX su ne abincin yau da gobe na wannan masana'anta, shi ya sa suka fi araha. Allon Mini-ITX kuwa, duk da cewa ya fi ƙanƙanta, yakan fi takwaransa na microATX tsada, domin cusa kaya a ɗan ƙaramin fili aiki ne mai wuya, masu sayensa kuma ba su da yawa. Haka nan SFX yakan fi ATX mai ƙarfi iri ɗaya tsada. Don haka akwatin da ya fi kowanne ƙanƙanta yana jawo tsada biyu a bayansa tun ranar saye.

Tsada ta uku tana zuwa ne ranar lalacewa. Idan fawa-fak na ATX ya ƙone da safe, mai gyara zai shiga cikin gari ya dawo da wani kafin azahar. Idan SFX ne ko TFX, mai yiwuwa sai an aika Legas ko Abuja, a jira motar kaya. Ga ofishin akanta da ke rufe lissafin ƙarshen wata, ko makarantar da ke buga takardun jarrabawa, ko kantin magani da duk kayansa ke rubuce a cikin kwamfuta ɗaya, kwana uku na zaman jira sun fi kuɗin akwatin kansa.

Akwatuna uku da suka yi suna a kasuwar duniya sun isa misali. Cooler Master Q300L, wanda ya fito a 2018 a kan dala 40 ko kusa da haka, ya ɗan haura lita 30, yana ɗaukar allon microATX da fawa-fak na ATX, kuma yana da rariyar ƙura mai maganaɗisu da ake cirewa a wanke. Cooler Master NR200, na shekarar 2020, wajen lita 18 ne, ya fito a kan dala 80 ko kusa, an gina shi domin allon Mini-ITX da fawa-fak na SFX. SilverStone SG13 kuwa lita 11 da rabi ne kacal, kuma yana karɓar fawa-fak na ATX, amma ya bar wa na'urar sanyaya firosesa tsayin milimita 61 kawai. Kowanne ya sayi wani abu ne da wani abu. Akasarin akwatunan da ke kan kantocinmu ba su da sanannen suna irin waɗannan, amma tambayoyin da za a yi musu iri ɗaya ne.

Sanyin Jos yana iya ruɗin mai saye

Jos tana bisa tsaunin da ya kai wajen mita 1,200 daga doron teku, kuma sanyinta ne ya jawo Turawan haƙar kuza suka kafa gidajensu a Rayfield, har suka buɗe filin wasan golf a wurin a 1913. Yayin da zafin Kano da Sakkwato ke haura digiri 40 a watan Afrilu, na Jos yakan tsaya kusa da 30. Wannan alheri ne ga na'ura, kuma shi ya sa ake jin masu saye suna cewa a Jos kwamfuta ba ta bukatar fanka mai yawa.

Maganar ba ta cika ba, saboda dalilai biyu. Na farko, iskar kan tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba. A tsayin mita 1,200 nauyin iska yana raguwa da kimanin kashi 11 cikin ɗari. Fanka kuwa da nauyin iskar da ta tura take kwashe zafi, saboda haka fankar da ke juyi iri ɗaya a Legas da Jos, ta Jos ba ta kai ta Legas kwashe zafi a kowane juyi ba. Wannan yana cinye wani ɓangare na ribar da sanyin garin ya bayar.

Na biyu, kuma wanda ya fi girma, shi ne ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris hazon hunturu yakan lulluɓe tudun Filato, ga kuma jar ƙasar tsofaffin wuraren haƙar kuza da hanyoyin cikin unguwa marasa kwalta. Ƙurar nan takan shiga tsakanin haƙarƙarin na'urar sanyaya ta daskare kamar auduga. A babban akwati akwai sararin da zai jure wannan na ɗan lokaci. A ƙarami, inda kaya ke manne da juna, 'yan watanni sun isa. Idan zafin firosesa ya kusanci digiri 95 zuwa 100, yakan rage gudun kansa domin kada ya ƙone, sai mai ofis ya ga kwamfuta tana jan ƙafa, ya zaci cutar manhaja ce ta kama ta, ya biya kuɗin gyaran abin da bai lalace ba. Injiniyoyin lantarki kuma suna da ƙa'idar da suka daɗe suna aiki da ita, cewa kowane ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon ran kafasita biyu, watau 'yan gwangwanayen da ke tara wuta a kan allo da cikin fawa-fak.

Saboda haka akwatin da ya dace da Jos shi ne mai raga a gaba, da rariyar ƙura a bayan ragar wadda ake iya zarewa ba tare da kwance noti ba. Akwatuna masu gilashi a gaba da fitilu kala-kala suna da ban sha'awa a kanta, amma da yawansu sun bar wa iska 'yar tsaga ce kawai a gefe, ga nauyi, ga saurin fashewa a hanyar Legas zuwa Jos. A nemi mai gurbin fanka na milimita 120, domin babbar fanka tana tura iska mai yawa a hankali ba tare da ƙara ba, saɓanin ta milimita 80. Sa'an nan a tsara fankokin yadda iskar da ke shiga ta rariya za ta ɗan fi wadda ake fitarwa. Idan aka yi haka, rarar iskar takan fita ta kowace kafa ta akwatin, ƙura ba ta samun hanyar kutsawa ta wurin da ba a tace ba. Idan aka juya lissafin, akwatin ya zama mazuƙin ƙura ta kowace tsaga.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, haka nan wanda ya sayi rariyar ƙura ya san za ta toshe. A lokacin hunturu a riƙa zare ta ana kakkaɓewa kowane mako biyu, a kuma ɗora akwatin a kan tebur ko ɗan benci maimakon daɓen ƙasa. Busasshiyar iskar hunturu tana tara wutar gogayya a jikin mutum, irin wadda ke ɗan tsikarin hannu idan an taɓa ƙofar mota, kuma ta isa ta kashe RAM. Duk mai buɗe akwati ya fara taɓa ƙarfensa kafin ya kai hannu ga allo.

Fawa-fak ɗin kyauta

Akwatunan da suka fi araha galibi suna zuwa da fawa-fak a ciki, an rubuta wat 450 ko 500 a jikinsa, kuma mai shago zai gabatar da shi a matsayin gyara. A ɗaga shi a ji. Fawa-fak na kirki yana da nauyi, domin akwai tagulla da ƙarfen sanyaya a cikinsa. Wanda ya yi sakayau a hannu, an rage masa kaya ne, kuma abin da aka fi ragewa shi ne kariyar da ke yanke wuta idan ta hauhawa. Irin wannan idan zai mutu yakan tafi da allo da ma'ajiyar bayanai.

Batun yana da nauyi a Filato. Wutar Nijeriya volt 230 ce a ƙa'ida, amma kowane mai sana'a ya san yadda take hawa da sauka, ga sauyi tsakanin wutar kamfani da janareta sau da yawa a yini. Daminar Jos kuma, daga Afrilu zuwa Oktoba, tana zuwa da tsawa mai ƙarfi, wani lokaci har da ƙanƙara. Ko mai shan wutar kamfanin JED ne, wanda ya gaji rarraba wuta a Filato da Bauchi da Binuwai da Gwambe a 2013, ko ta NESCO, wanda tun 1929 yake samar da wuta daga ruwan Kurra, yana bukatar UPS ko sitabilaiza, da soket mai ƙafa uku wanda wayarsa ta ƙasa ke aiki da gaske. Idan akwati yana ɗan jan hannu in an taɓa shi, alama ce cewa wayar ƙasa ba ta haɗe ba, kuma aikin mai gyaran wuta ne. Har ila yau, wasu fawa-fak da aka kwaso daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wanda ya jona shi yana kan 115 zai ji ƙara ya ga hayaƙi nan take.

Akwai kuma lissafin kuɗin wuta. Tun 2004 ake da shaidar inganci mai suna 80 Plus, wadda ake bai wa fawa-fak da ke isar da aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja, sauran ya tafi a zafi. A ɗauka kwamfutar ofis tana bukatar wat 80. Fawa-fak mai isar da kashi 65 zai ja wat 123 daga bango, mai isar da kashi 82 kuwa zai ja wat 98. Bambancin wat 25 ne. A cibiyar da ke da kwamfuta 20 masu aikin sa'a 10 a rana, kwana 26 a wata, wannan ya zama yunit 130 a kowane wata. Bisa farashin naira 225 kan kowane yunit da hukumar NERC ta tsayar wa rukunin Band A a watan Afrilu 2024, asarar ta kai naira 29,250 a wata, watau fiye da naira 350,000 a shekara. Ga mai janareta, tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, ko mai batir da inbata, kowane wat ya fi haka tsada. Kuma wannan wat 25 ɗin zafi ne da ke zuba a cikin ƙaramin akwatin da tun farko iska ba ta wadace shi ba. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a sayi akwati wanda babu komai a cikinsa, a sayi fawa-fak dabam daga kamfanin da aka sani, da rasit da garanti a rubuce.

Abin da hannu zai gane a shago

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma a cikin masu arahar ma akwai dama-dama. Ƙarfen akwatuna masu sauƙin kuɗi yakan kama daga milimita 0.4 zuwa 0.6. A danna murfin gefe da yatsa. Idan ya lotsa kamar gwangwanin madara, zai riƙa kaɗawa da ƙara idan fanka na juyi, ramukan notinsa kuma za su zarme bayan an buɗe shi sau uku ko huɗu. A shafa gefunan ciki a ji ko an lanƙwashe su, domin kaifin ƙarfe yana yanka hannu yana kuma feƙe waya. A tabbata an haɗo da 'yan ƙusoshin tagulla da ke ɗage allo daga jikin ƙarfe, gama allon da ya kwanta kai tsaye a kan ƙarfe zai haɗa wuta. A duba kafofin USB na gaba, a ga ko akwai mai launin shuɗi, watau USB 3.0, domin su ne ma'aikata ke soka filashi a ciki sau hamsin a rana, kuma su ne ke fara lalacewa. A ƙirga gurbin ma'ajiyar bayanai. Ma'ajiyar zamani ta M.2 a kan allo take kwanciya, ba ta cin wuri, amma ofishin da ke tara bidiyon kyamarar tsaro yana bukatar gurbin babban faifai mai inci 3.5.

Gwanjo da 'yan mitsitsin kwamfutoci

Ba za a yi adalci ga mai karatu ba idan ba a ambaci abokin takarar harhaɗawa ba, watau kwamfutocin gwanjo na Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Siraransu ba su cika wuce lita 8 zuwa 12 ba, ƙarfensu mai kauri ne, kuma sau da yawa kwamfutar gaba ɗaya ba ta kai kuɗin sababbin kayan harhaɗawa ba. Ga aikin rubutu da lissafi da intanet, ciniki ne mai kyau, muddin firosesan ya kai zubi na takwas. Irinsu ne suka fi dacewa da cibiyoyin jarrabawa, tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, inda cibiya ɗaya ke bukatar ɗaruruwan na'urori iri ɗaya.

Aibinsu shi ne da yawansu suna da allo da fawa-fak da filogi na kamfaninsu kaɗai. Ba a cika iya sa sabon allo na kasuwa a cikin akwatinsu ba, kuma idan fawa-fak ya mutu sai an nemo irinsa daga wata gawar. Don haka kuskure ne a sayi fankon irin wannan akwati da niyyar harhaɗa sabuwar kwamfuta a ciki. Mai sayen guda 20 kuwa, hikima ce ya ƙara biyu ya ajiye domin kayan gyara.

Akwai kuma 'yan mitsitsin kwamfutoci da ba su fi lita ɗaya ba, irin jerin NUC da Intel ya yi shekaru yana ƙerawa kafin ya miƙa wa kamfanin ASUS a 2023. Suna maƙalewa a bayan allon kallo, wutar da suke ci kaɗan ce ƙwarai, abin da ya sa suka dace da ofishin da ke kan sola. Sai dai ban da RAM da ma'ajiyar bayanai, babu abin da ake iya sauyawa a cikinsu.

Ga mai shigo da kaya

Ga ɗan kasuwar da ke sayo akwatuna domin sayarwa, ƙanƙanta riba ce ta zahiri, domin akwatin kwamfuta galibinsa iska ne, kuma kamfanonin sufuri suna karɓar kuɗin iskar. A jirgin sama ana ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, a raba da 6,000, a kwatanta da nauyin gaske, a caji wanda ya fi yawa. Kwali mai santimita 50 da 25 da 50 zai biya kuɗin kilo 10.4 ko da nauyinsa bai wuce kilo 6 ba. Mai santimita 40 da 25 da 35 zai tsaya a kilo 5.8. A jirgin ruwa, kwantena mai ƙafa 40 tana da sarari wajen mita 67 murabba'in ciki. A lissafin takarda za ta ɗauki wajen 1,070 na babban kwalin, ko wajen 1,900 na ƙaramin. Kuɗin kwantena da na tirela daga Apapa zuwa Jos kuwa ɗaya ne. Wannan ya nuna cewa ɗan madaidaicin akwatin microATX yana da riba ga mai sayarwa da mai saye baki ɗaya.

Akwai abin lura ga masu neman inda za su zuba jari. Kimanin rabin kuzar da duniya ke amfani da ita tana tafiya ne wajen liƙa kayan lantarki, watau ma'adinin da ya kafa Jos da Bukuru, wanda kuma ramin haƙarsa ya zama tafkin shaƙatawa na Rayfield, yana cikin kowane allon kwamfuta. Ƙera allo da firosesa ya fi ƙarfin ƙananan masana'antu, amma akwati falle ne na ƙarfe da aka yanka aka lanƙwasa aka huda bisa awon da kowa ke iya samu, sa'an nan aka fesa masa fenti. A cikin dukkan sassan kwamfuta shi ne ya fi cin kuɗin sufuri gwargwadon darajarsa, saboda haka shi ne ya fi kusa da a yi shi a gida, idan an sami tsayayyar wuta da masu saye da yawa a lokaci guda, kamar makarantu da ma'aikatun gwamnati.

A taƙaice, ofishin da aikinsa bai wuce rubutu da lissafi ba, sirariyar kwamfutar gwanjo mai zubi na takwas ko 'yar mitsitsiya ta wadace shi. Wanda zai harhaɗa sabuwa da ƙaramin jari, kuma yana so ya riƙa ƙara mata kaya sannu a hankali, ya nemi akwatin microATX mai lita 20 zuwa 30 ko kusa da haka, mai raga a gaba da rariyar ƙura, mai karɓar fawa-fak na ATX, ya sayi fawa-fak ɗin dabam. Akwatin Mini-ITX kuwa a bar wa wanda ƙarancin wuri ya matsa wa da gaske, ko mai yawan ɗaukar kwamfutarsa zuwa wurin aiki, kuma ya sa ƙarin kuɗin allo da na fawa-fak da na jiran kayan gyara a cikin kasafinsa tun kafin ya shiga kasuwa.